Milimita ɗaya a bakin bindiga

A shekarar 1875 maƙeran bindiga na Ingila suka hallara a wani filin wasa da ke Wimbildon, a gefen birnin Landan, filin da bayan shekara biyu aka fara shahararriyar gasar tanis a cikinsa. Mujallar The Field, wadda masu manyan gonaki da mafarautan ƙasar ke karantawa, ita ce ta kira su domin a raba wata gardama. Wanda ya tayar da gardamar kuwa wani maƙeri ne na birnin Birmingham mai suna W. W. Greener. A ƙarshen 1874 ya buga talla yana cewa bindigarsa mai geji 12 za ta zuba ƙwayoyin dalma 210 cikin da'ira mai faɗin inci 30 daga nisan yadi 40. Bindigar da ta fi kowace a irin wannan gwaji da aka yi a 1866 ba ta wuce 127 ba. Sauran maƙera suka ce cika baki ne irin na 'yan talla. Editan mujallar, J. H. Walsh, ya ce to a zo a gwada, gani ya kori ji.

Da aka gwada, bindigar Greener ce ta ɗauki kofin. Sirrin nasa bai taka kara ya karya ba idan aka dube shi da ido: ya ɗan matse bututun bindigar daga ciki, dab da baki, matsin da bai fi milimita ɗaya ba. Wannan matsin shi Turawa ke kira cok, kalmar da a harshensu ke nufin shaƙewa. Yau, bayan shekara ɗari da hamsin, mai harbin faifan yumɓu da ya tsaya a fili a Ingila ko Teksas ko Italiya, ya buɗe ɗan akwati mai gajerun bututu biyar yana shawarar wanda zai ɗaura, da ma'aunin Wimbildon yake aiki ko ya sani ko bai sani ba. Har yanzu da'irar inci 30 ce, nisan kuma yadi 40 ne.

Kafin a yi nisa, ya kamata mai karatu ya san irin bindigar da ake magana. Bindigar soja tana fitar da dunƙulen harsashi guda ɗaya ta bututu mai zane a ciki, wanda ke juya harsashin don ya tafi sak. Ita kuwa wannan bututunta sumul yake, kuma abin da take fitarwa tarin ƙananan ƙwayoyin dalma ne, ɗaruruwa a lokaci guda, waɗanda ke bazuwa yayin da suke tafiya. Duk wanda ya taɓa ganin maharbi yana ɗura wa bindigar toka albarushi da tsabar ƙarfe ya san asalin abin, kuma ma birnin na Greener, wato Birmingham, yana cikin wuraren da suka fi aiko da irin waɗannan bindigogi gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 18 da na 19. Bazuwar ƙwayoyin ita ce amfanin bindigar, domin da ita ake samun tsuntsu a sama. Ita ce kuma illarta, domin in ta yi yawa sai tsuntsun ya ratsa ta tsakanin ƙwayoyin ya wuce lafiya.

Lissafin geji ya girmi cok nesa ba kusa ba, kuma yana rikita sabon shiga saboda a juye yake: gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙanƙantar bututun. Dalilin yana komawa zamanin da maƙeri ba shi da ma'aunin da zai auna faɗin rami daidai, amma yana da sikeli. Sai a ɗauki laba ɗaya ta dalma, giram 454 ke nan, a raba ta dunƙule-dunƙule masu girma ɗaya, kowanne mulmulalle kuma daidai cikin bututun. In dunƙule 12 suka fita, bindigar mai geji 12 ce, faɗin bututunta kuwa milimita 18.5. In 20 suka fita, dunƙulen sun fi ƙanƙanta, faɗin ya zama milimita 15.6. Geji 16 yana da 16.8, geji 28 yana da 14. Haka ake kiran igwa a da, da nauyin dunƙulen da take jefawa. Ƙaramar cikinsu kaɗai, wadda ake kira .410, ita ce ta fita daga wannan tsari, don lambarta faɗin bututun ce a ma'aunin inci. Da za a lissafa ta irin na sauran, da ta kai geji 67 ko 68.

Me ya sa gardamar 1875 ta yi zafi haka? Saboda akwai kuɗi a ciki. Tun ƙarshen ƙarni na 18 attajiran Ingila ke da wani wasa na harbin tantabaru masu rai. Ana sa tsuntsun cikin ɗan akwati a ƙasa, a ɗaura igiya, maharbi ya tsaya nesa ya ce a ja, yaro ya ja igiyar, akwatin ya buɗe, tantabara ta tashi. Kulob ɗin Hurlingham da aka kafa a 1869 a bakin kogin Tems don wannan wasa aka fara shi, kuma caca ake yi mai nauyi a kan kowane tsuntsu. Ƙa'idar wasan ita ce lallai tantabarar ta faɗi cikin shinge. In ta ji rauni ta lallaɓa ta faɗi bayan shingen, an yi asararta da kuɗin da ke kanta. Tsuntsun yana tashi ne daga nisan yadi talatin ko kusa da haka, yana ƙara nisa cikin ƙiftawar ido. Mai bindigar da ke tara ƙwayoyi wuri ɗaya a wannan nisa shi ke kwashe kuɗin jama'a. A Amurka kuma masu harbin agwagin ruwa don sayarwa a kasuwa su ma nisan suke nema, domin abincinsu ke nan.

Wanda ya fara ƙirƙiro cok, har gobe ba a daina jayayya a kansa ba. W. R. Pape na Newcastle yana da takardar mallakar fasaha ta 1866 wadda ta ambaci matse bakin bututu. A 1868 kuma, wani Ba'amurke, Sylvester Roper, ya yi rajistar wani ɗan bututu da ake ɗaurawa a bakin bindiga a kuma cire, abin da ya riga zamaninsa da kusan shekara ɗari. Akwai kuma Fred Kimble, maharbin agwagi daga jihar Ilinoi, wanda da tsufansa ya riƙa ba da labarin yadda ya matse bakin bindigarsa har abin ya yi yawa ƙwayoyi suka watse, ya koma yana rage matsin sannu a hankali sai ya ga sun taru. Greener bai riga waɗannan ba. Abin da ya yi shi ne ya gano yadda za a maimaita aikin a kowace bindiga a samu sakamako iri ɗaya, ya kuma iya sayar da shi. A ganina wannan ya fi ƙirƙirar wuya, kuma shi ya sa sunansa ya danne nasu.

Masu adawa ba su saduda nan take ba. Suka ce ai matsin zai cinye bayan ɗan amfani, sai aka sake wani gwajin a shekarar, aka yi ta harba dubban harsasai ta bututu ɗaya, matsin bai gushe ba. Gidajen gwajin bindiga na Landan da Birmingham, waɗanda doka ta ɗora wa alhakin buga hatimi a kan kowane bututu kafin a sayar, suka fara buga wa masu cok gargaɗin cewa kada a ɗura musu dunƙulen harsashi guda, suka ci gaba da haka daga 1875 har 1887. Akwai wani abin lura a lambobin Greener. Oza ɗaya da ɗaya bisa takwas ta dalma mai lamba 6 ta Ingila tana ɗauke da ƙwayoyi kimanin 300. Ke nan 210 kusan kashi 70 cikin ɗari ne, 127 kuma ɗan sama da kashi 40. Waɗannan lambobi biyu su ne har yau littattafan harbi ke bayarwa: cikakken cok kashi 70, bututu marar matsi kashi 40. Tsakaninsu Ingilishi suka yanka rubu'i, rabi da rubu'i uku, kowane mataki kimanin rubu'in milimita, Amurkawa kuma suka ba matakan nasu sunaye.

Tantabarun dai ba su ji daɗin wannan ci gaba ba. A Amurka an riƙa kamo wata irin kurciyar daji mai tafiya garke-garke, ana kai dubbanta wuraren gasa. Farautar kasuwa da saran dazuzzuka su suka fi yi mata ɓarna, amma filin gasa ma ya ci rabonsa, kuma ta ƙarshe a jinsin, wadda aka raɗa wa suna Martha, ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati ranar 1 ga Satumba, 1914. A wasannin da aka yi a Faris a 1900 tare da gasar Olamfik an harbe tantabaru kusan 300. Jama'a suka fara ƙyamar abin. Hurlingham ta daina a farkon ƙarni na 20, majalisar Ingila ta haramta shi a 1921, Monte Carlo kuwa ta riƙe shi har 1966.

Neman madadi ya fara tun kafin haramcin, don tsuntsu yana da tsada. An fara da ƙwallon gilashi, wani lokaci a cusa masa gashin tsuntsu don in ya fashe gashin ya tashi. Kyaftin Adam Bogardus ya yi rajistar na'urar jefa shi a 1877. Sai dai ƙwallo ba ya tafiya irin ta tsuntsu, ga kuma fasassun gilashi a gona. A 1880 George Ligowsky na Cincinnati ya fito da faifai na gasasshen yumɓu mai shawagi a iska, ya kuma ɗauki Bogardus da abokin hamayyarsa Doc Carver suka zaga garuruwa a 1883 suna gasa da shi don jama'a su gani. Yumɓun ya cika tauri, sau da yawa ƙwaya kan buge shi ya yi ƙara bai fashe ba, don haka ba a daɗe ba aka koma haɗin ƙaro da garin farar ƙasa. Kimble ɗin nan na agwagi yana cikin waɗanda suka fara irin wannan haɗi. Sunan yumɓu ya zauna duk da babu yumɓu a ciki. Haka ma sauran kalmomin: har yau faifan tsuntsu ake ce masa, na'urar jifa tarko ce, wanda ya fashe an kashe shi, kuma maharbi yana cewa a ja ne alhali babu igiya, maɓalli ake dannawa.

Daga nan wasan ya rabu, kuma rabuwar ce ta haifar da matsalar zaɓen cok. Na farko shi ne tirap, magajin harbin tantabara kai tsaye: faifai yana tashi daga gaba yana gudu nesa, don haka matsattsen cok ake so, babu wata shawara. Na biyu sikit, wanda wasu mafarauta suka ƙago a Andover ta jihar Masacusets wajen 1920, aka raɗa masa suna a 1926 bayan wata gasar neman suna da Gertrude Hurlbutt ta ci. A sikit faifai yana gilmawa ne kusa, yadi ashirin da 'yan kai, don haka buɗaɗɗen baki ake so, nan ma babu shawara. Kowane wasa da bindigarsa, maƙeri ya yanka cok ɗin a jikin ƙarfe, an gama.

Na ukun daban ne, kuma daga makaranta ya fito. A ƙarshen zamanin Sarauniya Biktoriya babbar farautar masu hali a Ingila ita ce a jera maharba, 'yan kora su taso tsuntsaye daga daji su bi ta kansu. Sababbin masu kuɗi na masana'antu suna son a gayyace su, amma ba su tashi da bindiga a hannu ba, kuma kuskure a gaban manya abin kunya ne. Sai maƙeran Landan da wasu malaman harbi suka buɗe makarantu a bayan gari, irin West London Shooting School da aka kafa a 1901, suka gina hasumiyoyi don faifai ya zo ta sama kamar tsuntsun da aka koro, suka ɓoye na'urori a bayan shinge da cikin kwari, suka mirgina wani a ƙasa kamar zomo. Horon ya zama gasa, aka yi babbar gasar Birtaniya ta farko a 1925. Wannan shi ne wasan da ake kira sifotin. Faransawa suka yi nasu salon a ƙarƙashin hukumar FITASC. Amurka ba ta karɓe shi ba sai 1980, bayan Bob Brister ya yi rubutu a kansa a mujallar Field & Stream, aka yi gasar farko a filin kamfanin Remington da ke Lordship a jihar Konetikat a watan Satumbar shekarar. A 1989 aka kafa ƙungiyar wasan ta ƙasa a San Antonio.

A filin sifotin maharbi yana zagaya tasha goma ko sha biyar, yawanci faifai ɗari, bibbiyu. Wanda ya tsara filin yana da 'yancin yin abin da ya ga dama. Faifan farko yana iya zuwa yadi 15 yana nuna cikinsa, na biyu ya gilma a yadi 45 yana nuna gefensa kawai. Ban da faifan da aka saba mai faɗin milimita 110, akwai mai 90, akwai mai 60, akwai siriri mai juyawa a iska, akwai zomo mai kaurin baki da ba ya fashewa da sauƙi. Bindiga mai cok ɗaya da aka yanka a ƙarfe ba za ta dace da duka ba. Wannan ne babban dalilin da bindiga mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya, ta mamaye wasan: tana ba da cok biyu, da ɗan maɓallin zaɓen wanda zai fara tashi.

Maganin da ya rage shi ne a koma wa dabarar Roper. An yi ta ƙoƙari tun shekarun 1920 da 1930 da na'urorin da ake ɗaurawa a bakin bindiga daga waje, irin Cutts Compensator da Poly-Choke, masu aiki amma munana, suna kuma ɓata daidaiton nauyin bindiga. Kamfanin Winchester ya fito da ɗan bututu mai zare da ake murɗawa cikin baki, ya yaɗa shi da sunan Winchoke a 1969. Ƙananan maƙera irin Jess Briley a Houston da Nigel Teague a Ingila suka gano yadda za a yi shi siriri har ya shiga tsohuwar bindigar da ba a ƙera ta don haka ba. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 Browning da Beretta da Remington duk sun bi sahu. Wato cok mai cirewa da wasan sifotin tare suka bunƙasa a Amurka, kowanne yana tallata ɗan'uwansa.

To, ga akwati mai bututu biyar a hannu, wanne za a ɗaura? Lissafi kaɗan zai taimaka. Harsashi mai giram 28, wanda shi ne iyakar da dokar Ingila da ta FITASC suka yarda, yana ɗauke da ƙwayoyi kimanin 350 in masu faɗin milimita 2.4 ne. Da'irar inci 30 tana da faɗin fili kusan santimita murabba'i 4,560. Cikakken cok zai sa ƙwayoyi 245 a ciki daga yadi 40, wato ƙwaya ɗaya a kowane santimita murabba'i 19. Bututu marar matsi zai sa 140, ƙwaya ɗaya a kowane 33. Faifan da ya nuna gefensa kawai bai fi santimita murabba'i 25 ba. Ke nan a wannan nisa, da buɗaɗɗen baki, mutum yana iya saita daidai faifan ya wuce babu abin da ya taɓa shi. In kuwa faifan ya nuna fuskarsa, filinsa ya kai 95, kuma ko buɗaɗɗen baki zai sa masa ƙwaya biyu ko uku. A aikace ƙwayoyin sun fi cunkushewa a tsakiya fiye da gefe, amma darasin bai sauya ba: yadda faifan ya juya yana da muhimmanci kamar nisansa.

A kusa kuma lamarin juyawa yake. A yadi 20 cikakken cok yana bazuwa kimanin santimita 40, marar matsi kuwa kusan 80. Wanda ya tunkari zomo a yadi 15 da cikakken cok ya rage wa kansa rabin sararin kuskure ba gaira ba dalili. Saboda haka shawarar da malaman harbi suka daɗe suna ba sabon shiga ita ce rubu'i a bututun farko, rabi a na biyu, ko ma rubu'i a duka biyun, a bar su haka har sai an ga faifan da ya wuce yadi 40 yana nuna gefe. Ina ganin shawarar daidai ce, kuma dalilinta a fili yake. Bambancin rubu'i da rabi 'yan santimita ne a gefen bazuwar, alhali yawancin kuskure a sifotin na rabin mita ne ko mita guda, galibi a bayan faifan, saboda maharbin bai ba shi isasshen gaba ba ko ya tsayar da bindiga lokacin jan kunama. Lokacin da mutum ya ɓata yana murɗa bututu a bakin tasha, da ya yi shi yana kallon inda faifan ke fitowa da inda zai fasa shi, da ya fi masa riba.

Za a ce ai George Digweed, Baturen Ingila da ya ci kambin duniya fiye da sau ashirin, an san shi da harbi da matsattsen cok a kusan kowane faifai. Gaskiya ne, kuma manyan 'yan gasa da yawa haka suke yi. Su tsakiyar bazuwar suke sa wa faifai, don haka faɗin gefe bai dame su ba, kuma yadda faifan ke zama hayaƙi yana gaya musu ko sun yi daidai. Wanda bai kai nan ba in ya kwaikwaye su, zai ga bambanci a takardar maki, amma ba irin wanda yake so ba.

Akwai kuma abin da ba a cika gaya wa mai saye ba, wato sunan da aka rubuta a jikin ɗan bututun alkawari ne kawai. Cok bambanci ne tsakanin faɗin bututu da faɗin mafita, kuma bindigogin zamani da yawa ana faɗaɗa cikinsu fiye da milimita 18.5 na asali. Harsashin ma ya sauya. A zamanin Greener ƙwayoyin suna gogar ƙarfen bututu su lanƙwashe, lanƙwasassun kuma su bauɗe. Tun shekarun 1960 aka fara zuba su cikin ɗan kofin roba da ke kare su, aka kuma ƙara musu tauri, don haka rabin cok na yau yakan yi aikin da rubu'i uku ke yi a da. Hanyar sanin gaskiya ɗaya ce, ita ce ta Walsh: a kafa babban allo ko takarda a nisan da ake harbi, a harba sau biyar ko fiye da irin harsashin da za a yi gasa da shi, a ƙirga. Brister ma, da yake son ganin tsawon jerin ƙwayoyi a iska, dogon allo ya ɗaura wa mota, matarsa tana tuƙi yana harbin allon, ya kuma buga sakamakon a littafinsa na 1976.

Batun geji ya fi sauƙi, ko da yake shi ne ya fi cin kuɗi in aka yi kuskure. A ƙarni na 19 geji 10 yana da farin jini a Amurka, geji 16 kuma a Jamus da Faransa. Dokokin gasa suka hana abin da ya fi 12 girma, sai 10 ya fita. Da masu sikit suka tsara azuzuwansu, sun ware wa 12 da 20 da 28 da .410, ba su ware wa 16 ba, shi ma ya ja baya. Yau a babbar gasar sifotin kusan kowa 12 yake riƙe da shi, domin shi ke ɗaukar giram 28 cikin sauƙi, harsashinsa ya fi araha, ana kuma samunsa ko'ina.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton ƙaramin geji yana tara ƙwayoyi wuri ɗaya saboda bututunsa siriri ne. Faɗin bazuwa aikin cok ne. Rabin cok a geji 20 yana bazuwa kusan daidai da rabin cok a geji 12, sai dai ƙwayoyin sun fi kaɗan: giram 24 a geji 20, giram 21 a geji 28, giram 14 kacal a .410, rabin na 12 ke nan. Don haka mai ƙaramin geji yakan ƙara matsi mataki ɗaya don cike giɓin, ya kuma haƙura da raguwar faɗi. Shi ya sa .410 bindigar gwanaye ce, ba ta koyo ba, duk da cewa ita ake yawan miƙa wa yara.

Kuskure na biyu ya shafi dukan kafaɗa. Ana saya wa mace ko matashi geji 20 don a sauƙaƙa masa, alhali dukan ya dogara ne ga nauyin dalma, saurinta, da nauyin bindigar. Greener kansa ya bar ƙa'ida cewa bindiga ta ninka nauyin dalmarta sau 96, wato giram 28 yana son bindiga mai kilo 2.7 ko fiye. Wannan don mafarauci ne mai yawo da bindiga yini guda yana harbi jefi-jefi. Mai harba ɗari cikin awa biyu yana bukatar fiye da haka, shi ya sa bindigogin sifotin suka kai kilo uku da rabi zuwa huɗu, bututunsu kuma ya tashi daga inci 25 da Robert Churchill ya yi ta tallatawa a shekarun 1920 zuwa inci 30 ko 32 na yau. Geji 20 marar nauyi da aka ɗura wa giram 28 ya fi geji 12 mai nauyi da giram 24 ko 21 duka. In dai mutum zai iya ɗaga bindigar ba tare da gajiya ba, geji 12 da harsashi mai sauƙi ya fi masa. In nauyin ne matsalar, nan geji 20 ko 28 ke da gurbi. Gidan da ke da geji biyu kuma sai a kiyaye: harsashin 20 yana zurmawa cikin bututun 12 ya maƙale a gaba, in aka ɗora na 12 a bayansa aka harba bututun yana iya fashewa. Don gudun wannan ne kamfanoni da yawa ke yi wa kwanson geji 20 launin rawaya.

Duk waɗannan lambobi, tun daga ma'anar geji kanta, a kan dalma aka gina su, kuma dalmar ce yanzu ake kora. Guba ce ga agwagin da ke haɗiye ƙwayoyinta a tabki, tana kuma taruwa a ƙasar filayen harbi tan-tan. Amurka ta haramta ta a farautar tsuntsayen ruwa a 1991, Denmak ta haramta ƙwayoyin dalma gaba ɗaya a 1996, Tarayyar Turai ta hana amfani da su a fadamu da kewayensu daga Fabrairun 2023. Abin da ya fi maye gurbinta shi ne tsabar ƙarfe mai laushi. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka yana saurin rasa ƙarfi a nesa, sai an ƙara girman ƙwaya, wanda ke rage yawanta. Ba ya kuma lanƙwashewa, saboda haka yana taruwa fiye da dalma: rubu'in cok da ƙarfe yakan yi aikin rabi. Kuma da yake ba ya matsuwa, in aka tura shi ta cikakken cok a siririn bututun tsohuwar bindiga yana iya kumbura bakin. Shawarar da aka saba bayarwa a Birtaniya ita ce kada a wuce rabin cok da ƙarfe a irin waɗannan bindigogi. Saboda haka masu tsofaffin bindigogin Birmingham da Landan, har da na gidan Greener, suna kai su wurin maƙera a rage musu matsin baki zuwa rabi ko rubu'i, aikin da in an yi shi ba a iya mayarwa.